Jego na biyu ya bambanta da na fari: ina neman shawara kafin hutuna ya ƙare

Mai Jego, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ke wannan zaure, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Yau kwana 35 ke nan da Allah Ya sauke ni lafiya, na samu 'ya mace. Ita ce ta biyu a wurina, yayanta namiji kuma yana da shekara biyu da wata huɗu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta ta, domin ina jin nauyin a ce mace ta samu ƙaruwa amma tana ƙorafi, alhali ga wasu suna neman haihuwar ido rufe. Ba butulci nake yi wa Allah ba, shawara nake nema.

A haihuwar fari gida aka mayar da ni, wato Zariya, tun cikin yana wata takwas. Mahaifiyata ce take tashi kafin asuba ta hura wuta ta dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, ƙanwarta ta yi wa jariri wanka, ƙannena su yi wanki da shara, ni kuwa aikina bai wuce in ci, in shayar, in yi barci ba. Har na yi arba'in ban taɓa tsintsiya ba. Wannan karon a ɗakina na zauna, kamar yadda aka saba a haihuwa ta biyu, kuma mahaifiyata tana jinyar mahaifinmu, ba ta da halin barin gida. Gwaggon maigidana ta zo ta yi mini mako biyu, Allah Ya saka mata da alheri, daga nan ta koma domin ita ma tana da nata gidan. Tun daga ranar, daga ƙarfe bakwai na safe da maigida zai fita har bayan magariba, ni kaɗai ce da yara biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron. Kafin haihuwar nan ya daina fitsarin kwance, yana gaya mini idan zai hau fo, yana cin abincinsa da hannunsa. Yanzu duk ya warware. Da zarar ya ga na ɗora ƙanwarsa a cinya sai ya zo ya riƙe gefen zanena yana cewa in ajiye ta in ɗauke shi, har nono yake nema, alhali na yaye shi tun lokacin da na gane ina da ciki. Shekaranjiya na shiga kicin in sauke tukunya, ban yi minti biyu ba na ji ihun jaririyar, da na fito na tarar ya mintsine ta a kumatu har wurin ya yi ja. Na kai masa duka a baya da ƙarfin da ban taɓa dukansa da shi ba. Bai gudu ba, kuma bai yi kuka ba. Tsayawa ya yi yana kallona, sannan ya je bayan ƙofa ya zauna ya yi shiru. Wannan shirun ya fi mini kukansa ciwo. Na zauna a tsakar ɗaki da jaririya a hannu ina kuka har aka kira la'asar, kuma ba wannan ne karo na farko da kuka yake zo mini haka ba.

Ga kuma maganar aiki. Ina sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa, hutun mako 12 suka ba ni, na ci mako biyu kafin haihuwa, biyar sun tafi bayanta, saura biyar. Ranar da zan koma yarinyar tana da mako 10 kacal, ni kuwa na yi niyyar shayar da ita nono zalla har wata shida kamar yadda aka koya mana a wurin awo. Dangin maigida sun ba da shawarar a kai yaron wurin kakarsa a ƙauye har sai ƙanwarsa ta fara zama, wai in samu sauƙi. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma gajiya tana neman sa ni in amince. Waɗanda suka bi wannan hanya kafin ni, shin in kai shi ko in riƙe shi? Ta yaya mace take haɗa aikin ofis da shayarwa a wannan ɗan lokaci? Kuma wannan kuka da nake yi, gajiya ce kawai ko wani abu ne da ya kamata in nemi magani a kansa?

Uwar Biyar, Katsina

Wa alaikumus salam. Barka da arziki 'yata, Allah Ya raya su duka biyun bisa tafarkin addini, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, na haifi biyar, huɗu daga cikinsu ina bakin aiki, don haka abin da kika rubuta ba baƙo ba ne a wurina. Zan yi magana a kan yaron, domin a nan nake ganin zan fi amfanar ki.

Kada ki kai shi ƙauye a wannan lokaci. Na san masu shawarar da kyakkyawar niyya suka faɗa, kuma na san haka aka yi da mu, amma ki duba yadda abin yake a idon yaron. Wata tara yana kallon cinyarki tana ƙanƙancewa, aka raba shi da nono, wata rana da daddare kika ɓace, kika dawo da wata a hannu, gida ya cika da 'yan barka, kowa ya shigo sai ya tsallake shi ya nufi gadon jaririya. In yanzu aka ɗaure masa kaya aka kai shi wani gari, me zai fahimta in ban da cewa an yi canjinsa ne? A zamaninmu yaro ya tashi a gidan gandu, kakarsa tana ɗakin da ke kallon na uwarsa, ya saba da bayanta tun yana zanen goyo, don haka in an ce an kai shi wurin kaka ba wani wuri aka kai shi ba. Naki kuwa ya tashi a gida daga ke sai ubansa, ke ce duniyarsa. Al'adar ɗaya ce, amma gidajen sun canza.

Na yi wannan kuskure a kan na biyu da na uku. Da na haifi na ukun sai na tura ta biyun wurin mahaifiyata wata huɗu, da ta dawo sai ta ƙi zuwa hannuna, tana ɓuya a bayan yayarta in na kira ta. Mun fi shekara kafin ta sake da ni, kuma har yau da take da nata 'ya'yan ban manta da wannan kallon ba.

Fitsarin kwance da neman nono za su wuce da kansu in ba a mayar da su abin faɗa ba. Ki shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin zanen gado, ki wanke ki yi shiru. In ya nemi nono kada ki kunyata shi, ki ɗora shi a ɗaya cinyar ki ba shi kofin kununsa, ki ce masa wannan na manya ne. Abin da ya yi mini amfani ƙwarai shi ne na ba yaro matsayi: shi ne mai miƙo tawul lokacin wanka, shi ne mai ɗauko man shafawa, kuma kullum ina ce wa jaririya a gabansa, ga yayanki nan ya kawo miki. Ki roƙi baƙi su fara gaisawa da shi kafin su karɓi jaririya, ki roƙi babansa in ya dawo ya fara ɗaga shi sama kafin ya leƙa ƙanwar. Sannan ki samu ko da minti 15 ne a wuni, lokacin da yarinyar take barci, ki ajiye waya, ki bar wanke-wanke, ki zauna da shi a tabarma ba ki yin komai sai shi. Wani lokaci ma ki goya shi. Bai wuce goyo ba, shekara biyu ce fa.

Game da mintsinin, kada ki sake barin su biyu a ɗaki ko na ƙiftawar ido, ba don yaron mugu ba ne, sai don bai san ƙarfin hannunsa ba. Ki goya ta ki shiga kicin, ko ki tafi da shi. Dukan kuwa ya riga ya faru. Ki jawo shi jikinki ki lallashe shi, ki nemi gafarar Allah, ki wuce wurin.

Abu na ƙarshe, 'yata, kwana arba'in da magabata suka ware wa mai jego ba don wanka kaɗai ba ne, don a ɗauke mata aiki ne. Ke an bar miki wankan, an bar miki aikin. Ki cire kunya ki faɗa wa mijinki da danginku cewa kina bukatar hannu, ko ƙanwa ce da ke hutun makaranta, ko wata dattijuwa a unguwa da za a riƙa biya tana zuwa da safe. Ba gazawa ba ce.

Malamar Jinya, Zariya

Barka da sauka lafiya 'yar'uwa. Mama ta gama magana a kan yaron, ni zan ɗauki ɓangaren lafiyarki da shayarwa, domin aikina ke nan a ɗakin haihuwa.

Na fara da kukan. Mata da yawa suna samun saurin kuka da ƙuncin rai a kwanakin farko bayan haihuwa, saboda sauyin sinadaran jiki da rashin barci, kuma wannan yakan lafa cikin mako biyu. Ke kin kai mako biyar, don haka ina so ki tambayi kanki da gaskiya: in kin samu damar kwanciya, barcin yana zuwa? Kina cin abinci? Akwai abin da yake faranta miki rai a wuni, ko komai ya zama salam? Kina yawan jin cewa ke ba uwar kirki ba ce, ko cewa yaran za su fi jin daɗi ba ke? In amsoshin sun karkata ga ɓangaren nauyi, kuma kusan kullum haka kike ji, to wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fuskantar irin wannan matsala bayan ta haihu. Ba raunin imani ba ne, ba kuma aljanu ba ne, kuma yana da magani, har da wanda mai shayarwa za ta iya sha. Mako mai zuwa za ki kai yarinyar rigakafin mako shida, wanda ya dace da lokacin da ke ma ya kamata a duba ki. Ki gaya wa ma'aikaciyar abin da kika gaya mana, kada ki tsaya a kan lafiya lau. In kuwa tunanin cutar da kanki ko yaran ya taɓa gifta miki, kada ki jira wannan ranar, ki gaya wa mijinki yau ku tafi asibiti.

Tunda kin ambaci wankan jego, akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba. Yankinmu na arewa maso yamma yana cikin wuraren da ciwon zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, daga baya kuma binciken da aka yi a Kano ya ƙara nuna rawar da hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki suke takawa. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi da jiki zai iya ɗauka, ki rage kanwa da gishiri, ki sa a auna jininki. In kin ga ƙafafunki suna kumbura, ko numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta rigingine, ko tari yana tashinki cikin dare, wannan ba gajiyar jego ba ce, asibiti ne kai tsaye. Haka ma zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi.

Shayarwa zalla tana yiwuwa ga mai aiki, sai dai tana son shiri. Ki fara koyon tatsa tun mako biyu kafin ki koma, da safe bayan yarinyar ta sha, lokacin da nono ya fi cika. Ki wanke hannu, ki tatsa a kofi mai murfi da aka tafasa. Nonon da aka tatsa yana kaiwa awa huɗu a ɗaki mai sanyi, amma a zafin bazara kada ki bari ya kai haka. A firji yana kaiwa kwana huɗu in wuta ta tsaya, kuma tunda mun san halin wutarmu, ƙaramar kula da ƙanƙara ta fi zama abin dogaro. Ba a tafasa shi, kofin ake tsomawa a ruwan ɗumi. A ba ta da ƙaramin kofi ko cokali, kuma ki ja kunnen duk wadda za ta riƙe ta cewa ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo, ko da ana zafi, domin a nan ne yawanci shirin yake rushewa. A wurin aiki ki tatsa sau biyu ko uku, in ba haka ba nonon zai sandare ya yi ciwo, daga baya ya ragu. Ki lura kuma rigakafin mako 10 zai faɗo daidai makon komawarki, sai na mako 14, don haka ki nemi izinin ranakun tun yanzu.

Ƙarin abu guda da mata suke jin nauyin tambaya: shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in jariri bai kai wata shida ba, yana shan nono zalla dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da kin koma aiki wannan kariyar za ta yi rauni. Shawarar masana lafiya ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, don haka ku tattauna da maigida kafin ranar da za ki je a duba ki.

Wani Magidanci, Abuja

Assalamu alaikum. Ina neman afuwar iyaye mata da na sa baki a zancen jego, amma aikina kula da harkokin ma'aikata ne, kuma ni uba ne da ya yi sakaci a haihuwar matarsa ta biyu.

Hajiya, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki a wurin. Wannan sashen ya kuma ce mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki domin shayarwa, kuma ba a ba mace takardar sallama tana cikin wannan hutu, ko tana jinyar rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ya jawo, in likita ya tabbatar. Sai dai ki sani ma'anar ma'aikaci a wannan doka ba ta haɗa da masu muƙamin gudanarwa da ƙwararru ba, don haka mai irin aikinki takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin kamfani su ne madogararta ta farko. Ki ɗauko su ki karanta.

Mako 12 ɗin nan ƙasa yake da mako 14 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci a yarjejeniyarta ta shekarar 2000. Gwamnatin Tarayya ta daɗe da wuce wannan, tana ba da aƙalla mako 16 da cikakken albashi, sannan mai shayarwa tana tashi awa biyu kafin lokaci har wata shida bayan ta koma. Jihar Legas ta kai hutun wata shida a 2014, jiharku ta Kaduna ta yi haka a 2019. Waɗannan na ma'aikatan gwamnati ne, ba su hau kan kamfaninku ba, amma hujja ce mai kyau a takardar roƙo. Ki rubuta tun yanzu, kada ki bari sai saura kwana uku. Ki nemi a haɗa miki hutunki na shekara da na haihuwa, in da hali ki ƙara da mako biyu ko huɗu ba albashi, sannan ki nemi tashi da wuri na wasu watanni da ɗaki mai ƙofa inda za ki riƙa tatsa. Ki nuna musu yadda za a rufe lissafin ƙarshen wata ba tare da tangarɗa ba, domin abin da shugaban sashe yake tsoro ke nan. Duk abin da aka amince a ba ki shi a rubuce.

Sauran maganata ga maigidanki take, in za ki nuna masa. A haihuwar fari matata tana gidansu, ni aikina kai rago da kayan barka, ban ga komai na wahalar ba. Da ta haifi na biyu a gidana sai na ɗauka ta riga ta ƙware. Wata rana na dawo na tarar ba a sauke abinci ba, na yi magana mai zafi, ba ta ce mini uffan ba. Mahaifiyata ce, da labarin ya kai mata, ta kira ni ta tambaye ni awa nawa matata ta yi barci a daren jiya, na rasa amsa. Daga ranar na karɓi babban yaron gaba ɗaya daga magariba zuwa safe: ni nake yi masa wanka, ni nake ba shi abinci, a gefena yake kwana, in ya jiƙa shimfiɗa ni nake canzawa. Kafin in fita da safe ina cika mata ruwa, in ɗora na wanka. Ban ragu da komai ba, yaron kuma ya daina rigimar cikin 'yan makonni. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 na aiki in matansu sun haihu. Wanda wurin aikinsa bai da irin wannan, ya ɗauki ko mako guda daga hutunsa na shekara.

'Yar Maraɗi

Barka da arziki ƙanwata. A nan Nijar hutunmu mako 14 ne, kuma doka ta ba mai shayarwa har awa guda a wuni tsawon shekara, amma in aka zo kan yaro na biyu wahalar iri ɗaya ce da taku.

Ina girmama maganar Mama ta Katsina, sai dai ina so in ɗan sassauta ta, domin kada ki ɗora wa kanki laifi in dole ta sa kin nemi kaka. Tsakanin a kai yaro ƙauye wata huɗu da a riƙe shi a gida uwa tana faɗuwa don gajiya, akwai hanya ta tsakiya. Ni uwar mijina tana unguwa ɗaya da mu, sai muka tsara babansa ya sauke shi a can da hantsi, ya ɗauko shi bayan la'asar, kullum a gida yake kwana. Awannin nan su suka ba ni damar yin barcin rana tare da jaririya, kuma da ya dawo ina da ƙarfin da zan yi masa fara'a. Uwar da ta yi barci awa biyu ta fi wadda take tare da yaro wuni guda tana daka masa tsawa. Tunda kakar taku tana nesa, ki duba ko ita za ta zo ta zauna da ku, ko a samu gidan raino na kusa na rabin wuni. In za a sa shi, a sa shi yanzu kina gida, ya saba a hankali, kada ranar farko tasa ta zo daidai da ranar da za ki koma aiki. Haka ita ma wadda za ta riƙe jaririyar, ta fara zuwa kina nan, ki ga yadda take wanke hannu da yadda take ɗaukar ta.

Mai Jego, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na yi jinkirin dawowa ne domin ina so in gwada abin da kuka faɗa kafin in yi magana.

Na ba maigida wayar ya karanta da kansa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni me ya sa ban gaya masa ina kuka ba. Tun daren yaron yake kwana a gefensa. Maganar ƙauye mun ajiye ta; shi ya kira mahaifiyarsa ya yi mata bayani, ta ce in an gama girbi za ta zo ta yi mana wata guda, kafin nan kuma ƙanwata da ta gama sakandare za ta iso ranar Asabar.

Mun je rigakafin mako shida, na gaya wa ma'aikaciyar jinya halin da nake ciki kamar yadda Anti ta umarce ni. An auna jinina an ce ya ɗan hau, an hana ni kanwa, kuma an haɗa ni da likita, wanda ya yi mini tambayoyi masu yawa ya ce in dawo bayan mako biyu. Kukan bai tafi gaba ɗaya ba, amma ranar da na samu barcin awa huɗu a jere na ji bambanci a jikina. Takardar neman haɗa hutun shekara na miƙa ta ranar Litinin, ina jiran amsa.

Mama, jiya da safe ina yi wa yarinyar wanka sai ga shi ya ɗauko tawul tun ban tambaya ba, ya tsaya riƙe da shi a bakin baho har na gama. Da daddare kuma ya sake jiƙa shimfiɗa, babansa ya canza, ba wanda ya yi masa faɗa. Anti Malamar Jinya, na fara gwada tatsar, amma abin da nake samu bai wuce cokali uku ba, kuma da na ba ta a kofi rabi ya zube a wuyanta. Shin haka ake farawa, ko akwai yadda ake riƙe kofin da ban iya ba?